Amsa ga ɗan'uwan da ke son cire Windows daga sabuwar laptop ɗinsa

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sanya alheri a sabuwar na'ura. Na ga tambayarka, ka ce ka sayi HP sabuwa fil mai RAM 8GB, ta zo da Windows 11, tana shanye maka data kuma kana son ka goge ta gaba ɗaya ka sa Linux saboda karatun programming, har wani ya ce maka ka sa Kali, wato wani nau'in Linux. To ni dai shawarata kar ka goge komai tukuna. Linux nake amfani da ita kullum kuma ina sa wa mutane, amma sabuwar kwamfuta ba a fara mata da gogewa, ana fara gwadawa ne.

Batun Kali ma ka ajiye shi gefe, don masu gwajin tsaron intanet aka yi ta, ba don aikin yau da gobe ba. Ka ɗauki Linux Mint 22 ko Ubuntu 24.04 wadda ta fito a Afrilun 2024 kuma za a riƙa yi mata gyara har shekara 5. Ni Mint nake fara ba wanda ya saba da Windows saboda fuskarta ba ta da nisa da abin da ya sani, kuma fayil ɗinta wajen 3GB ne, na Ubuntu ya kusa ninki biyu, ka ga ga mai lissafin data akwai bambanci.

Ka samu flash mai 8GB, ka ɗora fayil ɗin Linux ɗin a kai da manhajar Rufus ko Ventoy, ka kashe laptop ɗin ka kunna kana danna F9, a HP shi ne ke fito da jerin inda za ta tashi, Dell da Lenovo yawanci F12 ne. Za ta tashi daga kan flash ɗin ba tare da ta taɓa Windows ɗinka ba. A nan ne aikin yake, kar ka yi gaggawa. Ka duba Wi-Fi yana ganin hotspot ɗin wayarka? Sauti na fita ta sifika da kuma iyafis? Kyamara, Bluetooth, maɓallan ƙara haske da rage shi, ka rufe murfin ka bar ta minti biyar ka buɗe ka ga ko za ta farka. Sababbin laptop masu sauƙin kuɗi da yawa suna zuwa da katin Wi-Fi na Realtek ko MediaTek, wani lokaci Linux ba ta gane shi nan take, kuma na sha ganin yaro ya goge Windows tas sannan ya tarar ba Wi-Fi, ba hanyar sauko da abin da zai gyara Wi-Fi ɗin, laptop ɗin kuma siririya ce ba ta da ramin kebul ɗin intanet. Idan hakan ta faru mafita ita ce ka jona wayarka da kebul ɗin caja ka kunna USB tethering, Linux na ganin wannan ba tare da an sa mata komai ba.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne BitLocker. Sababbin na'urori masu Windows 11 da yawa suna kulle hard disk ɗin da shi da kansu da zarar an shiga da asusun Microsoft, mai ita bai ma sani ba. Ranar da ka taɓa wani abu a BIOS, wato saitin na'urar da ake shiga kafin Windows ta tashi, sai ka kunna ka ga shuɗin allo yana neman lambobi 48, idan ba ka da su fayilolinka sun tafi kenan, babu mai gyaran da zai ciro maka su. To nan ga tambaya, wa ya fara kunna maka laptop ɗin? In a shago aka saita maka, mai yiwuwa da imel ɗin yaron shago aka shiga, lambobin suna can a asusunsa ba naka ba. Ka shiga Settings ka nemi Device encryption, ka ciro lambobin ka rubuta a takarda da biro, sannan ka kashe kullen ka jira ya gama warwarewa kafin ka ci gaba. Ka kashe Fast Startup ma, wato saitin Windows na saurin tashi.

Idan gwajin ya yi kyau, ni raba hard disk ɗin nake so ka yi, Windows gefe Linux gefe, duk lokacin da ka kunna ka zaɓi wadda za ka shiga. Ka rage ɓangaren Windows daga cikin Disk Management ka ware wa Linux kamar 80GB zuwa 100GB. Wajen sawa ka karanta allon da kyau, akwai zaɓin sa ta kusa da Windows, akwai kuma Erase disk, wannan na biyun shi ne mai share komai har hotunanka. Secure Boot, wani saitin tsaro da ke BIOS, ba sai ka kashe ba, Ubuntu da Mint suna tashi da shi. In Linux ta ce ba ta ga SSD ba, wato hard disk ɗin, to yawanci saitin disk ɗin a BIOS yana kan Intel RST ne, sai an mayar da shi AHCI, amma kar ka canja haka kawai don Windows za ta ƙi tashi, ka dawo nan mu bi da kai. Kuma don Allah batir ya cika kafin ka fara, kar ka dogara da wutar NEPA.

Dalilin da ya sa nake cewa ka bar Windows ɗin tukuna, CorelDRAW da Photoshop da AutoCAD da Microsoft Office duk ba su da na Linux. LibreOffice, madadin Office da ake amfani da shi a Linux, na buɗe fayil ɗin Word, amma project mai tebur da lambobin shafi sai ka kai business centre a buga ka ga layi ya goce, ga supervisor ba ya jin wannan uzurin. Ka yi semester guda da su biyun, in ka ga ba ka leƙa Windows ba sai ka goge da hujja. Lasisinka na Windows ba zai ɓata ba, a cikin firmware ɗin na'urar yake, wato manhajar da ke cikin jikinta ba a hard disk ba, ko ka dawo da Windows bayan shekara za ta gane shi da kanta. Waranti kuwa ka tambayi wanda ya sayar maka tun yanzu, wasu suna fakewa da an canja software su ƙi karɓa.

Shan data kuma yana da magani ko a Windows, ka shiga saitin Wi-Fi ɗin ka kunna Metered connection, zai rage sauko da update a ɓoye. Wani ƙaramin abu da za ka gani bayan ka raba, agogon Windows zai riƙa komawa baya da awa ɗaya duk sanda ka fito daga Linux, ba lalacewa ba ce, layi ɗaya ake bugawa a terminal, wurin rubuta wa Linux umarni, ya daidaita.

Ka juya laptop ɗin ka turo mana cikakkiyar lambar model da ke ƙasanta, da girman SSD, sai in gaya maka ko katin Wi-Fi ɗinta zai ba ka wahala.