Amsa ga ɗan ƙanena kan kifin da ake kamawa a mayar ruwa

Ɗana, saƙonka ya iso Damagaram lafiya. Ka ce abokan karatunka sun gayyace ka fatsa a kogin Soca na ƙasar Sulobeniya, inda ake kama kifi a kuma mayar da shi ruwa, kana tambaya ko hakan bai saɓa wa al'adarmu ba, tunda a wurinmu abin da masunci ya kama rabonsa ne.

Kifin da suke nema dangin truite ne (sunan Faransanci na wani kifin ruwan sanyi), mai zane a jiki irin na dutsen marmara, kuma ba ya rayuwa sai a ruwan sanyi garai-garai na kogunan da ke gangarowa daga duwatsu zuwa tekun Adiriyatik. Ba tsutsa ake sa masa ba. Gashin tsuntsu da zare ake ɗaura wa ƙugiya har ta yi kama da ƙwaron da yake ci, sannan a wurga ta da nauyin igiya ta sauka a hankali, domin a ruwan da ake hango tsakuwar ƙasansa, inuwar mutum kaɗai ta isa ta kore shi. Abin da ya jawo ƙarancinsa shi ne, tun farkon ƙarni na 20 aka riƙa zuba wani baƙon truite a kogunan, suka gauraya wajen hayayyafa, har tsantsar irinsa ta koma sai a ƴan ƙoramun da ke can saman duwatsu.

To, a ganina mayar da irin wannan kifi ruwa ba almubazzaranci ba ne, kuma tushen abin ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Ruwa a wurinmu yana da shugaba, yana da doka. A Argungu, ba mai jefa koma a Matan Fada ranar bikin kamun kifi sai Sarkin Ruwa ya gama nasa an ba da izini, kuma dattawan masunta ba su taɓa yaba wa mai kwashe ƙananan karfasa da taru mai ƙananan idanu ba, don sun san abincin baɗi yake cinyewa.

Inda zan ja kunnenka shi ne wajen wahalar da abu mai rai don nishaɗi, wanda addini da al'ada duka suka ƙi. Idan za ka je, ka yanki takardar izini, ka yi amfani da ƙugiya marar ƙaya, kada ka ja kifin har ya galabaita. Ka jiƙa hannunka kafin ka taɓa shi, saboda busasshen hannu yana goge yauƙin da ke kare fatarsa, kuma kada ka tsayar da shi a iska don neman hoto. Ka tallafe shi cikin ruwa, kansa na fuskantar inda ruwan ke fitowa, har ya fizge da ƙarfinsa.