Ƙungiyarmu ta masu sha'awar motoci ta ba ɗan kasuwa hotona, ina mafita?

Tambaya: Barista, ƙungiyarmu ta masu sha'awar tsofaffin motoci tana shirya gasar hoto duk wata. Na ɗauki hoton marsandin wani ɗan ƙungiya, na zo na ɗaya, aka ba ni kyauta. Sai kawai na ga hoton a allon tallan mai sayar da baƙin man da ke ɗaukar nauyin gasar, an yanke sunana. Shugabanni sun ce hoto ya zama na ƙungiya, mai mota kuma ya ce ai motarsa ce.

Amsa: Malam, a Dokar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ta 2022, hoto na wanda ya ɗauka ne, ba na mai mota ba, ba kuma sai ka yi masa rajista ba. Kariyar tana kaiwa shekara 50 daga ƙarshen shekarar da aka fara fitar da shi.

Inda maganar take shi ne sashe na 30. Mallaka ba ta komawa hannun wani sai an rubuta. Amma izinin amfani na yau da kullum ana iya ba da shi da baki, ko a fahimce shi daga abin da mutum ya aikata. Da ka tura hoton gasa, ka yarda ke nan a nuna wa alƙalan gasa, a sa a shafin ƙungiya, a sanar da wanda ya ci. A ganina wannan izini bai kai ga tallan ɗan kasuwa ba, karɓar kyauta kuwa ba ciniki ba ne. Yanke sunanka wani laifi ne daban, don sashe na 14 ya ba ka haƙƙin a ambace ka.

Sai dai kafin ka ɗaga murya, koma ka karanta sharuɗɗan gasar. In akwai fom da ka sa wa hannu, ko saƙo a zauren WhatsApp da ka amsa da "na amince", kuma an ambaci mallaka ko talla a ciki, hujjarka za ta yi rauni.

Adana ainihin hoton da ke cikin waya ko kyamararka. Wanda aka tura ta WhatsApp yakan rasa bayanan rana da na'urar da ta ɗauka, su ne kuwa shaidarka. Ɗauki hoton allon, ka rubuta wuri da kwanan wata. Sannan lauya ya rubuta wa ƙungiya da ɗan kasuwar wasiƙa, da wa'adin kamar kwana 14: ko su sauke, ko su biya kuɗin izini na wani lokaci ƙayyadadde, a mayar da sunanka.

In sun ƙi, Babbar Kotun Tarayya ce ke da hurumi, ba kotun majistare ba. Za ka iya neman diyya da umarnin a sauke allon. In ƙungiyar tana da rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, amintattunta za a kai ƙara. Ni dai sulhu nake ba da shawara a fara gwadawa, don ɗawainiyar shari'a na iya fin kuɗin hoton.

Mai mota ba shi da mallakar hoton, amma in lambar motarsa ko fuskarsa ta fito a tallan ba da yardarsa ba, zai iya kai ƙorafi ƙarƙashin Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023. Ku haɗa kai da shi, ku nemi ƙungiya ta rubuta sharuɗɗa kafin gasar wata mai zuwa: inda za a sa hoto, tsawon lokaci, dole a sa suna, a kuma rufe lambar mota.