Allurar da ake yi kafin hoton PET: halal ce? Tana karya azumi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, daga Fagge nake. Babanmu ne aka samu yana da kansar mafitsara, likita ya ce sai an yi masa hoton PET, wato hoton cikin jiki da na'ura take ɗauka, wai za a fara yi masa allura mai sinadarin nukiliya. Yayyensa sun ce guba ce haramun ne, ga shi kuma ranar da aka ba mu ta faɗo cikin azumi. Malam mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah Ya ba Baba lafiya. Wato kalmar nukiliyar nan ce ta firgita su, kuma ban ga laifinsu ba. Amma abin da ake sawa a jijiya ɗan mitsitsi ne, wani lokaci sinadarin nukiliyar da ake kira galiyom 68 ne da aka haɗa da wani sinadari mai zuwa ya maƙale a jikin ƙwayoyin kansar kamar yadda makulli yake shiga kwaɗonsa, to daga nan sai ya riƙa fitar da haske na'ura tana ɗauka, likita ya ga inda cutar ta tsaya da inda ta yaɗu. Ƙarfin galiyom 68 yana raguwa da rabi duk bayan minti 68, wani kuma ya fita ta fitsari.

To kai ka auna. Annabi (SAW) ya ce ku nemi magani bayin Allah, ya kuma ce babu cuta babu cutarwa. Cutarwar nan kaɗan ce, ita kuwa kansa in ba a san inda ta kai ba lalube za a yi ta yi a duhu, dattijo yana wahala. Don haka halal ne, ni ina ganin ma bai kamata a jinkirta ba.

Maganar azumi kuwa, allurar da ba abinci ba ce ba ta karya shi, haka majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta tabbatar a Jidda a 1997. Sai dai likitoci za su ce ya sha ruwa sosai don sinadarin ya fita, to kar ya takura wa kansa, mara lafiya Allah Ya yi masa rangwame a Suratul Baƙara, ya sha ya rama daga baya.

Ranar in kun dawo gida, saboda sauran sinadarin da ke jikinsa, kar jikoki su hau cinyarsa, mai juna biyu ma ta ɗan nisance shi na wasu awanni gwargwadon yadda likita ya faɗa. Wallahu a'alam.