Me ya sa ake tunawa da 'yan mazan jiya a ranar 15 ga Janairu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Kakana ya yi yaƙin Burma a zamanin Turawa, kuma mahaifina ya ce a da can cikin watan Nuwamba ake tunawa da su. Me ya kawo sauyin, kuma shin irin su kakana suna cikin waɗanda ake tunawa da su yanzu? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, mahaifinka ya faɗi gaskiya. A da Najeriya tana bin sahun Ingila da sauran ƙasashe renonta, waɗanda suke yin wannan taro a ranar 11 ga Nuwamba, ranar da aka tsagaita wuta a Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1918. Daga baya aka mayar da shi 15 ga Janairu, domin a wannan rana ce ta 1970 Philip Effiong, muƙaddashin shugaban Biyafara, ya miƙa wuyan dakarun Biyafara ga Janar Yakubu Gowon a barikin Dodan da ke Legas, aka kawo ƙarshen yaƙin basasar da aka soma a watan Yulin 1967. Ga mutanen Arewa kuwa ranar tana da wani nauyi na daban, tun da a irinta ce ta 1966 aka yi juyin mulkin da ya ci rayukan Sardauna da Tafawa Ɓalewa.

Kakanka yana ciki, Allah ya jiƙansa. Taron ya haɗa waɗanda suka yi yaƙoƙin duniya biyu, da na basasa, da ayyukan kiyaye zaman lafiya a Laberiya da Saliyo. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, waɗanda suka gwabza da Japan a dazuzzukan Kaladan da Arakan na ƙasar Burma, suna cike da 'yan Arewa, kuma akwai sunayen da yawa daga cikin waɗanda ba su dawo ba a maƙabartar Taukkyan kusa da birnin Yangon na Burma.

A ganina, inda taron ya gaza shi ne batun farar hula. Ana ajiye furanni a Abuja, ana sakin farar tattabara, ana addu'a a masallatai da majami'u, amma ba a cika ambaton mata da yaran da yunwa ta kashe a yaƙin basasa ba, alhali sun fi sojojin da suka mutu yawa nesa ba kusa ba.