Hukuncin mai gyaran waya ya leƙa abin da ke cikin wayar mutane

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah gafarta Malam, ni matashi ne, na koyi gyaran waya a Kano, kuma a shagon ogana muna yi wa mutane aikin kwamfuta, irin su buga takardar NIN da cike fom ɗin makaranta. Masu kawo gyara kan ba mu lambar buɗe waya. Wasu abokan aiki sai su shiga hotuna, har su tura wa kansu, suna cewa ai mai ita ce ta faɗi lambar da bakinta. Wani kuma ya ga hirar wata matar aure da wani namiji, yana so ya gaya wa mijinta don unguwarsu ɗaya. Sannan ana kawo mana waya a ce an manta lamba, a yi mata filashin, wato a goge duk abin da ke cikinta har da makullin. Mene ne hukuncin waɗannan?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya yi wa sana'arka albarka, ɗana. Sana'a ce halastacciya, kuma jama'a na bukatarta.

Hujjar abokan aikinka ba ta tsaya ba. Izini a shari'a yana tsayawa ne a kan abin da aka bayar da shi dominsa. Wanda aka shigo da shi gida gyaran wuta, ba a ba shi izinin buɗe akwatin matar gida ba, ko da an bar shi a buɗe. Matar da ta faɗi lambarta ta faɗa ne don a gwada ko sabon sikirin yana taɓuwa. Shiga hotunanta da saƙonninta tajassusi ne, wanda Allah ya hana a Suratul Hujurat aya ta 12, kuma cin amana ne, ga umarnin mayar da amana ga masu ita a Suratun Nisa'i aya ta 58. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Sahlu ɗan Sa'ad cewa Annabi (SAW) ya ce an sanya neman izini ne saboda gani. Abin da ake tsarewa da sallama a ƙofar gida, shi ne yau yake cikin waya: hoton mace ba lulluɓi, maganar miji da mata, takardar asibiti, lissafin bashi. Bukhari kuma ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa wanda ya saurari zancen mutane alhali ba sa so, za a zuba masa narkakkiyar dalma a kunne ranar Alƙiyama. Mai kunna saƙon muryar wani a WhatsApp ya yi wa kansa hisabi da wannan.

Tura hoton zuwa wayarsa laifi ne na biyu a kan na farko, nuna wa wani na uku ne. Tubansa sai ya goge daga ko'ina: cikin hotuna, cikin kwandon shara na waya inda abin da aka goge kan zauna kusan wata guda, da Google Photos idan wayar ta riga ta ɗora shi can da kanta. Ya kuma bi duk wanda ya tura wa. Idan hoton bai fita ba, ba sai ya je ya gaya mata ba, don hakan zai ƙara mata ɓacin rai ne kawai. Ya yi nadama, ya nema mata gafara.

Abin da ido ya faɗa a kai ba da nufi ba, kamar saƙo ya faɗo kana tsakiyar aiki, babu laifi a kansa. Muslim ya ruwaito cewa Jarir ɗan Abdullahi ya tambayi Annabi (SAW) game da kallon ba-zata, ya umarce shi ya kau da kai. Amma an fi son mutum ya toshe ƙofar tun farko, kuma yawancin gyara ba ya bukatar lambar kowa. Canza batir, bakin caji, sifika ko murfin baya, duk ana yin su waya a kulle. Sikirin ma za ka gwada taɓuwarsa a wurin danna lambar kiran gaggawa, kyamara kuwa tana buɗuwa ba sai an cire makulli ba. Abin da ya rage ka gwada shi a gaban mai ita idan ya zo karɓa, shi ya buɗe da hannunsa. Sababbin wayoyin Samsung suna da Maintenance Mode, wanda ke ɓoye hotuna da saƙonni har sai mai wayar ya dawo ya buɗe. Ka nuna masa ya kunna kafin ya miƙo. Kuma kada ka karɓi waya da layi ko memori a ciki. Cire ka danƙa masa. Wanda ke riƙe da layi yana karɓar lambar OTP ta banki, wato lambar sirrin da ake turowa ta saƙo don tabbatar da hada-hada, yana iya danna *565*0# ya ga BVN. Ranar da kuɗi suka ɓace, kai za a fara nunawa ko ba ka taɓa komai ba.

A mazhabarmu ta Malikiyya wannan ba ƙaramar magana ba ce. Ibn Abi Zaid ya faɗa a Risala cewa masu sana'a suna lamunce abin da suka kaɗaita da shi, sun yi aikin da lada ko ba lada. Wato waya ta ɓace ko ta lalace a hannunka bayan mai ita ya tafi, biya ya hau kanka, sai in ka kawo shaidar cewa ba da sakacinka ba ne. A fahimtarmu, dukiyar da aka kwashe ta hanyar layin da aka bar maka, bisa sakacinka ko na yaronka, ita ma ramuwa ta hau kanka.

Sai maganar matar aure, kuma a nan ne shaiɗan kan zo wa mutum da rigar kishin addini. Abokin aikinka kada ya gaya wa mijin. Hanyar da ya bi ya sani haramun ce, kuma sanin nasa ma rabi ne. Suna a waya ba shaida ba ne: namijin na iya zama yayanta, wayar na iya zama wadda ƙanwarta ke ara, hirar na iya zama ta kafin aure. In ya furta kalmar zina ba shaidu huɗu, ya faɗa ƙazafi, wanda Suratun Nur aya ta 4 ta yanke wa bulala 80 da zubar da shaidarsa. Abu Dawud kuma ya ruwaito cewa ba ya cikinmu wanda ya zuga mace a kan mijinta; lafazin ya zo ne a kan mai zuga mace, amma raba ma'aurata da tsegumi ta kowane ɓangare ɓarna ɗaya ce. Ga kuma alkawarin da ke Bukhari da Muslim, cewa wanda ya rufa wa musulmi asiri Allah zai rufa masa ranar Alƙiyama. In ya tabbata saɓo ne kuma yana ganin nasiha za ta yi amfani, ya yi mata ita kaɗai, a taƙaice, sau ɗaya, ba da barazana ba, kuma kada ya mayar da abin hanyar kiranta a waya. Mafi yawan lokaci shiru ya fi masa tsira. Wanda kuwa ya riƙe hirar yana neman kuɗi ko wani abu daga gare ta, wannan azzalumi ne, hukuma ta dace da shi.

Inda aka keɓe shi ne cutar da ba ta gyaruwa bayan ta auku: ka ci karo da shirin kisa, ko cinikin kuɗin fansa, ko hoton lalata da ƙaramin yaro. Nan rufewa taimakon zalunci ne. Ka sanar da jami'an tsaro, su kaɗai, ba zauren WhatsApp na 'yan kasuwa ba.

Aikin kwamfuta shi ma amana ce. Takardar NIN tana ɗauke da lamba 11, da suna, hoto da adireshi. A haɗa ta da BVN da ranar haihuwa, ɓarawo ya samu abin da zai ci bashi da sunan wani. Abin da ke faruwa a shaguna sakaci ne fiye da mugunta: fayil ya kwana a Downloads shekara guda, burauza ta adana kalmar sirrin imel ɗin ɗalibi, takardar da firinta ta ɓata a jefar har a ƙunshe gyaɗa da ita. Ka goge fayil a gaban mai shi, ka share kwandon shara, ka fita daga imel ɗinsa, ka yayyaga ko ka ƙone takardar da ta lalace. Sayar da lambobin mutane ga masu talla ko masu ba da bashi haramun ne, kuma Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta hana sarrafa bayanan mutum ba bisa ƙa'ida ba. Nauyin ya fi tsanani a kan tsoho ko baƙauyen da bai iya karatu ba, wanda zai miƙo maka komai ya ce "yi mini, yaro". Shi ya zaɓi lambar sirrinsa, ka rubuta masa a takarda ya tafi da ita, kada ka bar kwafi. Saboda tsare sirrin mata kuma muke ganin koya wa mata wannan sana'a abin so ne, mace ta samu 'yar'uwarta da za ta kai wa waya.

Filashin halas ne ga mai waya, haramun ne ga wayar sata, saboda Suratul Ma'ida aya ta 2 ta hana taimakekeniya a kan zunubi. Abin dogaro shi ne rinjayen zato. Ka nemi kwali ko rasit, ka gwada lambar IMEI, wato lambar shaidar waya, mai lamba 15 da ke jikinsa da wadda *#06# ke nunawa. Mai waya na gaskiya yakan san adireshin Gmail da ke kanta, ko layin da aka buɗe shi da shi. Rashin rasit kaɗai ba ya mayar da mutum ɓarawo, da yawa 'ya'yansu ne suka buɗe musu asusun. Ka ce a zo da wanda ya buɗe, ka rubuta suna da IMEI a littafin shago da saninsa. Amma wanda bai san komai a kan wayar ba, yana gaggawa, yana ninka kuɗi, ko yana zuwa da waya daban-daban kowane mako, ka mayar masa da kayansa. Kafin ka taɓa wayar halas kuma, ka gaya wa mai ita cewa filashin zai share hotuna, lambobi da duk hirar da ba a adana a Google Drive ba. In ka ɓoye masa don kada ciniki ya wuce ka, ka yi algus, kuma alhakin abin da ya rasa yana wuyanka.

Wallahu a'alam.