Zuciyar da Ke Tashi: Amsoshi a Kan Tashin Zuciya, Ƙyama da Ƙyanƙyami

Wasiƙar farko ta wannan mako daga Tawa ta zo, daga wata ma'aikaciyar jinya. Ta ce: "Malam, an kawo mana wata tsohuwa, jikanta ɗan lakkwal yana yi mata tafinta. Likita ya duba ta, ya ce da Faransanci *mal au cœur* ne kawai, babu abin tsoro. Yaron ya juya ya ce wa dangi wai kaka tana da ciwon zuciya. Nan take aka fara salati da kuka. Me ya haɗa zuciya da abin da ke cikin ciki, a Hausa da Faransanci duka?"

Ɗiyata, sannu da aiki, Allah ya saka. Yaron nan bai yi ƙarya ba, kalma da kalma ya ɗauko, kuma nan ne ramin yake. Bafaranshe in ya ce *j'ai mal au cœur*, amai yake ji. Mu kuwa in muka ce ciwon zuciya, muna nufin cutar tsokar nan da ke bugawa a ƙirji, wadda ke kashe mutum. Fassarar da ta dace ita ce: zuciyarta ce ke tashi. Abin mamakin shi ne harsunan biyu sun yi tarayya a kan gaɓar, sun rabu a kan aikatau kawai. Tasu ciwo take yi, tamu tashi take yi.

Ki gwada wani abu gobe a wurin aiki. Duk wanda ya ce miki zuciyarsa na tashi, ki ce ya nuna miki wurin. Ba zai kai hannu hagun ƙirji ba. Zai dafa tsakiya, daidai inda ƙashin ƙirji ya ƙare, wurin da muke kira ƙahon zuciya. Bakin tumbi yana nan ƙarƙashinsa. Mutanen da ba su taɓa buɗe ciki sun duba ba, abin da suka ji a nan sai suka jingina shi ga zuciya, kuma ba mu kaɗai ba ne. Tsofaffin Girkawa da kalma ɗaya, *kardia*, suke kiran zuciya da bakin tumbi, har yau ma a littattafanku na aikin likita ana kiran wannan mashiga ta tumbi *cardia*. Faransanci yana da *haut-le-cœur*, wato yunƙurin amai, wanda in aka warware shi kusan tashin zuciya ne sak. Mutanen Sin suna cewa *exin*, haruffa biyu, na biyun zuciya ne. Turkawa su ne suka sa abin a mazauninsa: *mide bulantısı*, gurɓacewar tumbi, kamar ruwan tabki da shanu suka shiga suka dama.

Na Larabci ya fi burge ni. *Gasayan* suke cewa, da harafin gaini da sa'un mai ɗigo uku, kuma dangi ne da *gusa'u*, tarkace da kumfar da ambaliya ke kwasowa su taso saman ruwa. Duk wanda ya haddace Sabbi ya san kalmar, tana aya ta 5. Wanda ya taɓa tsayawa bakin ƙorama a Adar bayan ruwan Agusta, ya ga yadda karare da kashin awaki ke yawo a bisa, ba ya bukatar a yi masa bayanin dalilin da ya sa Balarabe ya kira wannan ji da wannan suna.

Ita kuwa *nausée* da ke cikin takardunku, daga jirgin ruwa ta fito. *Naus* jirgi ne a Girkanci, Latin ta ara ta ce *nausea*, Faransanci da Ingilishi suka gada. Mutanen teku ne, sai suka raɗa wa ciwon sunan abin da ya fi jawo musu shi. Mu da ba mu da teku, motsin abin muka duba: yana tasowa daga ƙasa zuwa maƙogwaro.

A lura da yadda kalma ɗaya ke juya magana. Zuciyata na tashi, amai ne. Hankalina ya tashi, damuwa ce. Ya yi zuciya, fushi ne. Zuciya ta ɗebe shi, ya aikata abin da zai yi nadama. Baƙon harshe yakan cakuɗa su, ɗan gida ba ya yi.

Abu ɗaya nake roƙonki, ɗiyata, don kada bayanina ya zama sanadin sakaci. Ciwon zuciya na gaske yakan zo da tashin zuciya da gumi, musamman ga mata da tsofaffi da masu ciwon sukari. Saboda haka in tsohuwa ta ce zuciyarta, kada a tsaya ga kalmar. A tambaye ta: tashi take yi, ko nauyi, ko suka, ko bugawa? Hausa tana da kalmomin da za su raba miki su, in an ba mai ciwo lokaci ya faɗa da bakinsa.

Wani ɗan kasuwa da ke zirga-zirga tsakanin Yamai da Tawa ya tambayi bambancin jiri da tashin zuciya da kumallo, don shi duka ukun yake ji kafin a kai Dogon Dutsi.

Alhaji, jiri a kai yake, duniya ke juyawa. In ya tsananta har ƙasa na neman ɗauke ka, hajijiya ke nan. Tashin zuciya a ƙahon zuciya yake. A mota suna zuwa tare ne saboda cikin kunne yana gaya wa ƙwaƙwalwa ana tafiya, ido kuma da ke kallon bayan kujera ko fuskar salula yana cewa a zaune ake. Ka nemi kujerar gaba, ka riƙa hangen nesa. Kumallo kuwa na wanda bai ci komai ba ne, ɗacin nan mai ruwan ɗorawa da ke tasowa da safe in ciki wayam yake. Daga nan muka sami karin kumallo. Bafaranshe da *déjeuner* azumi yake karyawa, Bahaushe kumallo yake karyawa. Motocin nan da asuba suke tashi, tafiyar kuma ta haura kilomita 500, to kada ka jira sai Doso ko Ƙonni kafin ka sa wani abu a ciki. Na mai juna biyu kuma laulayi ne, ba a ce da namiji yana laulayi sai in ana nufin ya cika rashin lafiya.

Tambayar da ta fi cin mini lokaci ta wani ɗalibin falsafa ce a Jami'ar Abdou Moumouni. Ya ce: "Malam, *dégoût* ƙyama ce ko ƙyanƙyami? Kuma in za a mayar da sunan littafin Sartre zuwa Hausa, me za a ce?"

Ɗana, ka taɓo inda nake so. Littafin nan na Sartre, masanin falsafa Bafaranshe, ya fito a 1938 da sunan *La Nausée*, amma da Jamusawa suka fassara shi sai suka ce *Der Ekel*, wato ƙyama. Ka ga tun can mafassara sun tsallaka daga ciki zuwa rai. Ni da za a tambaye ni, Tashin Zuciya zan ce, don abin da mutumin cikin littafin ke ji yana auko masa ne ba da shawararsa ba, kuma haka tashin zuciya yake. Ƙyama tana da wanda ake yi wa. Ba a cewa "ina ƙyama" a yi shiru, sai an ce ƙyamar me.

*Dégoût* daga *goût* take, ɗanɗano, asalinta Latin *gustus*. Ingilishi ya ara daga Faransanci wajen shekarar 1600, ya ce *disgust*. Su a harshe suka ajiye abin. Mu kuwa in ka bi kalmominmu za ka tarar hanci ne babban mai gadi. Duba yadda muka rarraba wari: ɗoyi na abin da ya ruɓe, ƙarni na kifi da jini da ɗanyen nama, zarni na fitsari, hamami na jikin da ya kwana biyu bai ga ruwa ba ko na bunsuru, ƙauri na abin da ya ƙone. Ka ce wa mai kifi a bakin kogi a Yamai kayansa na ƙarni, zai ce ai kifi ne. Ka ce suna ɗoyi, ka kashe masa ciniki. Bafaranshe sai ya haɗa kalmomi uku ko huɗu kafin ya faɗi abin da zarni ya faɗa shi kaɗai.

Ƙyanƙyami da ƙyama tushe ɗaya ne, an ninka gaɓar farko. Ƙyanƙyami ya fi kusa da jiki: tsigar jiki ta tashi, fuska ta yatsine, miyau ya taru a baki. Hali ne kuma. Mai ƙyanƙyami ita ce wadda ba ta shan fura da ludayin da wani ya sha, in ta ga gashi a tuwo ta gama cin abinci ran nan. Ƙyama ta fi faɗi, tana iya barin abinci ta koma kan mutum, kan aiki, kan aƙida. Shi ya sa a rediyo za ka ji ƙyamar baƙi, ba za ka ji ƙyanƙyamin baƙi ba. Kada kuma a haɗa su da ƙyashi, wannan hassada ce, sautin farko kawai suka haɗa. Akwai ta uku da ake mantawa, ginsa. Abin da ya ginshe ka mai daɗi ne, yawansa ne ya kore ka, kamar kitsen rago kwana uku bayan layya. Wannan ita ce ta fi dacewa da *écœurant* in ana maganar abin da zaƙinsa ko maiƙonsa ya yi yawa.

Abin da nake so ka riƙe shi ne ƙyama koyonta ake yi. Jariri yana amai tun ranar farko, amma ba ya ƙyamar komai, duk abin da ya tsinta baki zai kai, sai uwa ta ce "kashi ne, yar!" sau ɗari. Muna sayen fara soyayya da yaji a kasuwa muna ci da marmari, baƙo daga Turai ya kau da kai. Shi kuma yana cin dodon koɗi da cukun da ya yi furfurar ruɓa, mu mu toshe hanci, alhali daudawarmu ma sai wanda ya tashi da ita. Darwin, masanin halittu ɗan Ingila, ya ba da irin wannan labari a littafinsa na 1872 a kan yadda ji ke bayyana a fuska. A can ƙarshen kudancin Amurka wani ɗan ƙasar ya taɓa naman gwangwanin da yake ci, ya yatsina fuska saboda laushinsa, shi kuma Darwin ya ji ƙyamar naman don an taɓa shi, ko da yake da bakinsa ya ce hannun bai yi kama da mai datti ba.

Mu muna da abin da ya fi wannan kusa. A hadisin da ke cikin Muwaɗɗa da Buhari da Muslim, an kawo wa Manzon Allah (SAW) gasasshen *dabbu*, wata dabbar sahara mai kama da damo, a ɗakin Nana Maimuna. Da aka gaya masa ko mene ne sai ya janye hannunsa. Halidu ɗan Walidu ya tambaya ko haramun ne, ya ce a'a, sai dai babu shi a ƙasar mutanensa, shi ya sa ransa ba ya so. Halidu ya jawo ya ci a gabansa. An raba ƙyama da hukunci a nan rabuwa ta sarai, har an faɗi dalilin ƙyamar: rashin sabo.

Ina dagewa a kan wannan ne saboda inda kalmar ke zuwa in ta bar akushi. Na ga matar da yoyon fitsari ya kama bayan doguwar naƙuda, an ware mata kwano da tabarma a bayan ɗaki. Zarnin gaskiya ne, hanci ba ya ƙarya. Amma daga "zanenta na zarni" zuwa "ana ƙyamarta" akwai taki guda, kuma mutane ne ke yin takin, alhali cutar ana ɗinke ta a asibiti. Haka aka yi wa kutare shekara da shekaru. Kakanninmu sun san wannan taki, shi ya sa suka ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ba su musanta ruɓar ba, sun ambace ta da sunanta. Yankewar suka hana. Suka kuma ce gwano ba ya jin warin jikinsa. Gwano babban tururuwa ne baƙi, in ka taka shi warinsa sai ya cika wuri, ga shi kuma yana tafe cikin jerin ƴan'uwansa ba abin da ya dame shi. Ana buga wannan karin magana ga mai ganin aibin kowa ban da nasa, kuma ta yi daidai da yadda hanci yake: warin da ka zauna da shi, bayan ɗan lokaci ka daina jin sa.

Ta ƙarshe gajera ce, daga wata malamar firamare a unguwar Bukoki: shin "ya yi amai ya lashe" zagi ne?

Malama, ya danganta da wanda aka faɗa wa. Ma'anarta mutum ya faɗi magana a bainar jama'a, ya dawo ya janye ta. Amai a Hausa yakan tsaya a madadin fitar da abin da aka ɓoye, shi ya sa ake cewa an matsa wa ɓarawo ya amayar da kuɗin. Lasar kuwa daga kare aka gano ta, kuma a nan zafin maganar yake. Hoton tsoho ne ƙwarai: yana cikin Baibul, a Karin Maganar Sulemanu sura 26 aya 11, yana kuma cikin hadisin da ya kwatanta mai karɓe kyautar da ya bayar da kare mai komawa ga amansa. A jarida ana faɗa wa ƴan siyasa ita kullum har ta fara sanyi. Amma ɗalibinki ba zai faɗa wa babansa ko limamin unguwa ba. A nan sai ya ce Baba ya sake shawara, ko Malam ya janye maganarsa.