Mai taushin zuciya za ta iya aikin nas?

Hajiya, kin ce 'yarki na son shiga makarantar koyon aikin jinya, amma ko yankan kaza ba ta iya kallo. Ni dai a ganina ki ƙyale ta.

Tsoron jini sabo ne ke kawar da shi. Tausayin ne ba ya koyuwa da sauƙi. Majinyacin da ba ya iya motsi sai an riƙa juya shi kusan duk bayan awa biyu, in ba haka ba gyambon kwanciya ya ci masa baya. Ƙarfe uku na dare, babu mai sa ido, me zai tayar da nas ta yi wannan? Haka tsohuwar da ke ɓoye ciwonta don kunya, ba za ta buɗe wa mai tsawa ciki ba, sai wadda ta zauna ta ce mata "Sannu Mama".



Sai dai ki ja mata kunne, kuka a gaban majinyaci na ƙara masa firgici. In hawaye ya zo, ta fita waje tukuna.